Godiya ga masu feshin da suka raba gidana da kuɗin cizo

Assalamu alaikum Malam, kai da yaranka uku na kamfanin feshin ƙwari na nan unguwarmu.

Godiyar da na yi muku a ƙofar gida ranar da kuka gama aiki ba ta ishe ni ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a fili kowa ya gani, don na san akwai mata da yawa a garin nan na Kano da ke kwana suna susa sun kasa faɗa wa kowa.

Mu dai abin ya shigo mana ne lokacin da babban yarona ya dawo hutu daga makarantar kwana da akwatinsa da 'yar katifarsa. Ba a yi sati uku ba ƙanwarsa ta fara tashi da ƙuraje a hannu da wuya, a jere kamar an ja layi, na ce sauro ne na ɗaura gidan sauro sabo, amma ina, abin sai gaba yake. Maigidan kuwa ko a jikinsa, cewa yake mu ne da raki. Sai wani dare aka kawo wuta wajen ƙarfe uku, fitila ta haska na gan su suna gudu a kan zanin gado, na murtsuke ɗaya sai ga jini ga wani wari, wallahi ranar zama na yi a kujera har aka kira asuba.

Babu abin da ban yi ba. Piya-piya na sayo kwalba nawa, kalanzir na zuba a jikin gado, katifa kullum tana tsakar gida a rana, su lafa kwana biyar su dawo. Ga kunya, ko surukata ta zo sai in shimfiɗa mata tabarma a waje in ce ɗaki zafi, don kar a ce matar wane ƙazama ce. Har wata ta ba ni shawarar in jefa ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake a ƙarƙashin gado in rufe ɗaki, Allah ne ya taƙaita ban yi ba, don da na faɗa maka ka ce hayaƙinta guba ne da ke kashe mutum har wanda ke ɗakin kusa.

Abin da ya fara burge ni da ku, ranar farko ba ku zo da injin feshi ba, tocila kuka zo da ita. Kuka kwance gadon katako gaba ɗaya, kuka bi ɗinkin katifa, mahaɗar gado, bayan soket, ƙasan ledar ɗaki, tsagar bango, har bayan agogo, wuraren da ni ban taɓa tunanin dubawa ba, ka nuna min ɗigo-ɗigon baƙin kashinsu da fararen ƙwai ƙanana ka ce Hajiya nan ne gidansu. Ina ta ba da haƙuri ina cewa wallahi ina shara ina wanki, sai ka ce kuɗin cizo ba ruwansa da datti, jini kawai yake nema, manyan otal ma yana shiga, ɗaya daga yaranka ya ƙara da cewa a 2023 birnin Paris ma sai da ya rikice da maganarsa. Dariya na yi amma maganar nan ta sauke min nauyi ba kaɗan ba.

Sannan ba ku ɓoye min cewa aikin ba naku kaɗai ba ne. Ka ce zafi ne maganinsa, in wanke kaya da ruwa mai zafi sosai, in bi ɗinki da dutsen guga, wanda na gama in ɗaure a leda kar ya koma ɗakin. Ka hana ni mayar da yara falo don za su bi su can su cika kujeru, ka hana ni jefar da katifa a bola don wani zai ɗauka ya kai gidansa. Da na ce to in kulle ɗakin wata ɗaya yunwa ta kashe su fa, ka ce suna iya yin watanni ba su sha jini ba. Ranar feshin kuma da kanku kuka sa aka fitar da abinci da kwanuka da randar ruwa, har kajina, kuka sa takunkumi da safar hannu, ka ce kar kowa ya shiga sai yamma bayan an buɗe tagogi iska ta ratsa.

Da ka ce za ku dawo bayan kwana 14 saboda magani bai cika kashe ƙwai ba kuma suna ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, gaskiya a raina na ce an karɓi kuɗi ai shi ke nan, mun saba. Sai ga sallamarku ranar da kwanakin suka cika, ban kira ba ban tuna muku ba, kuma ko sisi ba ku ƙara ba, kuɗin mota da na miƙa wa yaranka ma sai da na yi da gaske.

Yau wata huɗu ke nan zanin gadona fari tas, yarinyata ta daina susa tabon ma ya ɓace. Yaron ya sake dawowa hutu satin da ya wuce, akwatinsa a tsakar gida aka buɗe shi kamar yadda ka ce, kayan suka wuce tukunyar ruwan zafi kai tsaye, yana ta ƙunƙuni ni kuwa ko kallonsa ban yi ba.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya kare ku daga sharrin maganin da kuke shaƙa, ya ƙaro kasuwa. Kunun ayar da kuka ƙi sha ranar nan saboda hannunku da magani yana nan bashi ne a kaina, duk ranar da kuka biyo layinmu ku yi sallama.

Taku,
Wata uwar yara daga Kano