Godiya ga masu gyaran sabar da suka karanta kafin su kwance

Assalamu alaikum. Muna rubuta wannan ne daga wani ofishi a Yamai, domin gode wa ma'aikatan shagon gyaran na'urori da ke kusa da Babbar Kasuwa, musamman injiniyan da ya zauna da sabarmu, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke dogara da ita.

Sabar tana mutuwa da kanta da rana tsaka. Wurare biyu muka je kafin su, duk hukunci ɗaya: babban allo ya lalace, a yi odar sabo. Ko kundin tarihin na'urar ba wanda ya buɗe.

Shi Malam injiniya da kundin ya fara. A jikin allon sabar akwai ƙaramar kwakwalwa mai gadi, BMC, wadda Dell ke kira iDRAC, HP kuma iLO. Muddin waya na jone da wuta tana aiki, ko sabar a kashe take, tana rubuta zafi, fanka, wuta da kurakuran RAM (ma'adanar aiki ta kwamfuta) cikin kundin tarihin da ake kira SEL. Ya fito da shi da umarnin kwamfuta ipmitool sel elist, ya adana kwafi, sannan ya duba agogon kwakwalwar da ipmitool sel time get.

A nan aikin yake, kuma a nan mutane ke ɓata. Lokacin kowane layi ƙidayar daƙiƙa ce tun daga 1 ga Janairu 1970. Agogon BMC ɗinmu yana kan UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, Nijar kuwa tana gaba da awa ɗaya duk shekara. Layin da ya ce wuta ta yanke wa akwatin wutar cikin sabar ƙarfe 13:05, to 14:05 ke nan a agogon Nijar, daidai lokacin da ake komawa kan janareta. Da ba a ƙara awar nan ba, da ba a haɗa biyun ba.

Sai layukan da ke ɗauke da shekarar 1970 ko kalmar Pre-Init, waɗanda wani ya ce mana shaida ce allo ya haukace. Ba haka ba ne. In wuta ta ɗauke gaba ɗaya, BMC tana tashi ba ta san ranar ba, sai ta ƙirga daƙiƙoƙi daga tashinta har BIOS, shirin da ke tayar da na'urar, ya ba ta lokaci. A namu, batirin agogon allo, CR2032 mai bolt 3, ya mutu, shi ma BIOS ɗin bai da lokacin kirki. Irin waɗannan layuka da lambar jerinsu ake binsu, kwanan watansu ba abin dogaro ba ne. Ya kuma nuna mana cewa Asserted shi ne farkon matsala, Deasserted gushewarta, tazarar da ke tsakani ita ce tsawonta.

Abin da aka samu: wayoyin wuta biyu na sabar duk a layi ɗaya suke, batiran na'urar ajiyar wuta kuma sun gaji. An raba wayoyin, an sauya batira, an haɗa BMC da NTP, hanyar saita agogo ta intanet. Allon lafiyarsa lau. Allah ya saka da alheri, Malam.

Abin da ke ci mana rai shi ne masu share kundin da umarnin sel clear don kawai fitilar gargaɗi ta mutu, ba tare da adana kwafi ba. Mai gyara na gaba ya zo ya tarar da fili, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ba ya iya sanin ko zafi ne ya kashe na'urar ko wuta.