Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin jirginsu ya yada zango a Zanzibar

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu ma nan ƙalau muke, sai godiyar Allah. Innarka ta gaya mini jirginku na masu yawon buɗe ido zai tsaya a Zanzibar, kuma an ba ku ma'aikata izinin sauka na 'yan sa'o'i. Na ji daɗi, don wannan karon tsibirin Musulmi za ka taka. Amma ka ba ni aron kunnenka.

Maganata ta fi nauyi a kan agogo. Jirgin ruwa ba motar tashar Kwangila ba ce da kwandasta zai ce a dakata, wani ya tafi alwala. In lokaci ya yi sai a ɗage tsani, a kwance igiya. Fasinjan da ya makara kuɗinsa ne zai yi ciwo, kai kuwa aikinka ne zai tafi. Agogon can yana gaban namu da awa 2, kuma mutanen gari da Suwahilanci suke lissafi, tun daga fitowar rana: ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Mai kwale-kwale in ya ce zai dawo da kai ƙarfe goma, huɗu na yamma yake nufi, kuma bai yi maka ƙarya ba. Ka tsaya kan agogon jirgi, ka rubuta lokacin komowa a takarda tare da lambar wakilin jirginku na tashar, ka dawo da sauran awa guda a hannunka.

Abokan aikinka za su ja ka bakin teku a Nungwi. Tafiyar ta fi awa ɗaya a mota, ga komowa. Ba na so. Kai da ko Kubanni ba ka iya ƙetarewa da iyo, me ya haɗa ka da tekun da ke janyewa ya dawo sau biyu a yini?

Ka shiga tsohon gari da ƙafa, Stone Town, yana nan daf da tasha. Lungunansa matsattsu ne, wasu mota ba ta shiga. Ka tsaya ka dubi ƙofofin katakon nan masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, ka ga aikin hannu. Sarkin Oman Sayyid Sa'id ne ya mai da fadarsa can wajen 1840, arzikin garin kuma ya tashi a kan kanumfari da hauren giwa da, abin takaici, cinikin bayi. An rufe kasuwar bayin a 1873 zamanin Sarki Barghash, aka gina majami'a a filinta. Ka je ka gani, ba haramun ba ne, kuma kada ka tsaya wurin kana washe baki don hoto. A 1964 ne tsibirin ya haɗe da Tanganyika suka zama Tanzaniya, saboda haka shilin ɗin Tanzaniya za ka canza, kaɗan, gwargwadon buƙata.

In azahar ta same ka, nemi masallaci. Alƙiblarsu arewa take, ba gabas irin tamu ba, kada ka ce za ka gyara wa mutane sahu. Yawancinsu Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa. Ka bi liman, ka yi sallama, ka fito. Ba muhawara ta kai ka ba.

Sai abin da ke hana ni barci. Duk wanda ya miƙo maka ƙunshi ya ce ka shigar masa jirgi, ko ka kai wa ɗan'uwansa a tasha ta gaba, ka ce a'a, ko da Hausa ya yi maka magana, ko ya ce shi ma ɗan Zazzau ne. Jakar da aka buɗe, sunanka ne a jikinta.

Innarka na son kanumfari da kirfa, ta ce na kasuwar Sabon Gari ba ya ƙamshi yanzu. Ka saya a kasuwar Darajani inda 'yan gari ke saye, ka yi ciniki sosai, ka tambaya tukuna ko an yarda a shiga da shi jirgi. Ƙannenka suna gaishe ka. In ka koma ɗakinka ka turo saƙo, ko da dare ne. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.