Ya gode wa kowa a gaban ikilisiya, ni kaɗai ya tsallake

Mama, ina gaishe ki a cikin sunan Yesu. Kowane mako ina sauraron shirinki, yau kuma ni ce na kawo nawa kukan. Don Allah ki sakaya sunana, domin a garinmu ko tari mutum ya yi an gane shi.

Ranar Lahadin da ta wuce aka yi godiyar kaka a cocinmu. Kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa, dammunan dawa, buhunan masara, doya, kaji, wani dattijo har akuya ya jawo gaban bagade. Mu Zumuntar Mata mun yi anko, muna kiɗan tulu muna rawa. Da lokacin shaida ya yi, maigidana ya dogara sandarsa ya fita gaba, ni kuwa har ƙwalla ta cika mini ido don murna, saboda bara war haka ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi. Ya gode wa Allah. Ya gode wa Fasto da dattawa, da mahaifiyarsa saboda addu'a, da yayansa na Kaduna. Har mai mashin ɗin da ya kai shi asibiti ranar da ya faɗi sai da ya ambata. Daga nan ya ce amin, ya koma ya zauna. Matar da ke kusa da ni ta juyo ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. Wannan kallon ne ya hana ni barci har yau.

Bari in koma baya don ki fahimta. Mu manoman citta ne a yankin Kachia, da ita muka yi rufin kwano, da ita muke biyan kuɗin makaranta. A damina ta 2023 cutar nan ta faɗa wa citta, tun daga Kachia har Jaba da Kagarko. Ganye ya yi rawaya ya bushe, in ka tona sai ka tarar saiwar ta ruɓe tana wari. Shekarar ce kuma aka cire tallafin mai, komai ya yi tsada, ga bashin iri da taki da ya ci, alhali na ce masa kada ya zuba komai a citta, ya bar wa masara wuri, bai ji ba. Shi dama haka yake, maganar mace ba ta shiga kunnensa. Tunanin bashin nan ya jawo masa hawan jini, har ɓarin jikinsa ya shanye.

Sati shida muka yi a wani asibiti a Jos. A kan kwali nake kwana a baranda, cikin sanyin Jos. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi kunu da cokali yana zubowa ta gefen baki ina sharewa. Na sayar da keken ɗinkina wanda mahaifina ya saya mini lokacin aure. Na kwashi adashina tun lokaci bai yi ba. Aladuna biyu ƙanena ya kai kasuwar Katsit ya karyar da su. Yayan nan da aka yaba a gaban jama'a, sau ɗaya ya zo, da takalminsa mai sheƙi, ko minti talatin bai yi ba ya tafi. To, ya turo kuɗi, ba zan yi masa ƙarya ba, shi ne ma ya biya bashin takin. Amma mai kuɗi ya ba da kuɗi, ni kuwa abin da nake ci da shi na bayar.

Mama, ni ba mai gori ba ce. Sau ɗaya ne, ko biyu, da rai ya ɓaci na ce masa ba don ni ba da tuni ciyawa ta tsiro a kansa. Na san bai dace ba, amma ranar ya yi mini tsawa ne a gaban yara a kan miya. Wa zai jure?

Na je wurin maman coci da maganar. Ta buɗe mini 1 Tasalonikawa 5:18, inda aka ce mu yi godiya a cikin kowane hali, ta ce ladana yana sama, in gode Allah da ya bar mini miji da rai, ga gwauraye nan cike da Zumunta. Gaskiya ta faɗa. Amma da na dawo gida na buɗe Luka 17, labarin kutare goma. Ɗaya ne kawai ya dawo ya yi godiya, Basamariye, kuma Yesu da kansa ya tambaya ina sauran taran. In Ubangiji ya lura da wanda bai dawo ba, ni zunubi ne in na lura?

Abin da ya fi tsorata ni ma ba wannan ba ne. Tun ranar bakina ya yi nauyi. In an ce yaya gida, “mun gode Allah” ɗin nan da kowa ke faɗa ba ta fitowa. Sujadar safe da muke yi da yara na daina fitowa, sai in ce kaina ke ciwo. Shekaranjiya na zuba tuwo na ce wa ’yata mai shekara tara ta yi mana addu'a, sai ta ce, “Mama, me za mu gode, kullum miyar kuka? Ke ma ai kin daina.” Na ɗaga hannu zan mare ta, sai na kasa. Mahaifina mai bishara ne a ƙauye, albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma kowane dare kafin a kashe fitila sai kowannenmu ya faɗi abu ɗaya da Allah ya yi masa a ranar, ko da gyaɗa ce wani ya ba ka. Haka na so in tashi nawa yaran, ga shi a bakina suka koyi gunaguni.

Na manta ban gaya miki ba, har yanzu ban yi masa maganar ba. Yana ta tambaya me ke damuna, ina cewa ba komai. Ƙanwata ta ce wai mazan wajenmu kunya suke ji su yabi matansu a bainar jama'a, kuma ta tuna mini daren da ya riƙe hannuna a asibiti yana kuka, bakinsa bai iya furta komai ba. Ban manta ba. Amma mai mashin fa, shi ba a ji kunyar ambatarsa ba?

Ki ba ni shawara, Mama. In kai shi gaban dattawa ne, ko in tafi gidanmu in huta har bayan Kirsimeti? Ranar Lahadi mai zuwa akwai Jibin Ubangiji, ban san ko ya kamata in ɗauka da wannan zuciyar ba. Ita kuma yarinyar, me zan ce mata in ta sake tambayata?

Taki cikin Ubangiji,
wata ’yar Zumunta daga Kudancin Kaduna