Farfesa Akilagpa Sawyerr da yarjejeniyar VALCO

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin masu karatu ga Farfesa Akilagpa Sawyerr, masanin shari'a ɗan Ghana wanda ya shugabanci Jami'ar Ghana da ke Legon daga 1985 zuwa 1992, daga baya kuma ya zama babban sakataren Ƙungiyar Jami'o'in Afirka. A ganina, babban aikinsa shi ne jagorantar tawagar gwamnatin Ghana da ta sake tattauna yarjejeniya da kamfanin VALCO, wanda ya daɗe yana shan wutar madatsar Akosombo da araha don narka alminiyom a Tema, har aka ƙara farashin wutar. Ya kamata jaridarku ta binciko wa ɗaliban shari'a yadda aka cim ma wannan.

Mai karanta jaridarku,
daga Kumasi