Wasiƙa daga Biristol zuwa ga Baba da Mama

Biristol, Ingila
Disamba 2025

Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ku da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Auta. Yaya gwiwar Baba da wannan hunturu? An gama shigar da dawa rumbu? Ni ina nan ƙalau, sai dai sanyi da duhu. Kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya rufe a nan, da duhu nake fita aiki, da duhu nake dawowa.

Na ga gara in rubuta da in kira, domin a waya nauyinku ba ya barina in faɗi abin da ke raina. Auta ya karanta muku a hankali. Akwai wurin da maganar ta taɓa shi, ya yi haƙuri ya kai ƙarshe.

Mama, saƙonku ya iso ni ta bakin Gwaggo game da hoton nan da kuka gan ni da wando, kai babu ɗankwali. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Na san tsoron da ke zuciyarku, kada 'yarku ta je ƙasar mutane duniya ta haɗiye ta. Wandon nan kayan aiki ne, da shi ake durƙusawa a yi wa tsoho wanka, kuma ran Lahadi da zanena da ɗankwalina nake shiga sujada. Amma tsoronku bai faɗi ƙasa banza ba. Duniya ta kama ni, sai dai ta wata ƙofa ta shigo wadda hoto ba ya nunawa.

A gida mun taso mun san iyakar da ke tsakanin mai bi da duniya, domin ana ganinta da ido. Baba, sau nawa kuka ba mu labarin ranar da Kaka ya tuba, ya fitar da tulunan burukutu tsakar gida ya farfasa, ya kwance layun da ke damtsensa ya jefa a wuta, 'yan'uwansa suka daina cin tuwo da shi har damina biyu. Mu ma haka muka tashi: ba giya, ba taba, ba zuwa wurin boka, wanda ya faɗi a sa shi ƙarƙashin horo ya zauna kujerar baya har ya tuba. Da wannan ma'aunin na sauka Ingila, kuma da shi na riƙa cewa ina tsaye. Ban taɓa leƙa mashaya ba. Ban bi maza ba. Sai na saki jiki.

Kun san aikina, bin gidajen tsofaffi ana kula da su. Kowane gida an yanka masa lokacinsa, yawanci minti 30, daga nan ki ruga ki kama bas zuwa na gaba. A kowane gida akwai inda muke rubuta abin da muka yi: an yi wanka, an sha magani, an ci abinci. Da na fara, wata abokiyar aiki ta ja ni gefe ta nuna mini dabara. Ta ce kowa haka yake yi, ki rage minti goma a nan, goma a can, ki rubuta kin cika, da haka za ki iya ɗaukar gidaje da yawa. Ranar farko gabana ya faɗi. Bayan wata guda ko a jikina.

Akwai wata tsohuwa a cikin waɗanda nake zuwa wa, ta haura shekara tamanin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Hannunta yana rawa, cokali ba ya isa bakinta sai an tallafa. Wata Alhamis da yamma na ɗumama mata miya, na ajiye a ɗan teburin da ke gaban kujerarta, na duba agogo, na rubuta cewa ta ci abinci, na fita. Washegari da safe ni ce kuma aka tura gidan. Na buɗe ƙofa na tarar da kwanon yana nan inda na bar shi, miyar ta daskare, cokalin ya faɗi ƙasa kusa da silifas ɗinta, ga ɗigon miya a gaban rigarta inda ta yi ta ƙoƙari. Da yunwa ta kwana. Da ta gan ni sai fuskarta ta washe, ta kama hannuna da nata biyu masu sanyi, tana yi mini godiya wai ina da kirki. Mama, da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Na ɗauko takardar don in rubuta na ranar, sai na ga rubutun hannuna na jiya yana kallona.

Ban tuba nan take ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na yi kusan mako biyu ina kawo wa kaina hujja: ai lokacin da aka ba mu ne ya yi kaɗan, ai bas ne ba ya jira, ai gida ake jiran kuɗi. Lokacin kam ya yi kaɗan, wannan gaskiya ce, kuma masu tsara aikin nan suna da nasu alhakin. Amma ba su suka riƙe alƙalamin ba.

A cikin wannan hali ne wata Asabar na shiga Broadmead, unguwar kantuna da ke tsakiyar gari, don in saya wa yaran Yaya kayan Kirsimeti. Ko'ina fitilu da kiɗa, mutane kamar kasuwar Malumfashi ran cinta. A tsakiyar kantunan nan akwai wata 'yar farfajiya, a cikinta mutum-mutumin wani a kan doki, bayansa kuma wani tsohon ɗakin sujada. Na shiga ne kawai don in huta da sanyi. Ashe ɗakin da John Wesley, mai wa'azin da ya fara ɗarikar Metodis, ya gina ne a 1739, ɗakin da ya fi kowace majami'ar Metodis tsufa a duniya, har yau ana kiransa Sabon Ɗaki. Ba ado a ciki. Bencuna na katako, mumbari mai hawa biyu, haske yana saukowa ta taga daga can sama. Kana zaune kana jin hayaniyar masu saye da sayarwa ta bayan bango.

Na daɗe ina karanta tarihin wurin. A 1742 bashin ginin ya yi wa 'yan Metodis ɗin nauyi, sai aka shirya kowane mai bi ya riƙa ba da kobo ɗaya na Ingila a mako, aka raba su kashi kashi, wajen mutum goma sha biyu da shugabansu mai karɓa. Garin bin kobon nan ne shugabannin suka fara ganin yadda 'yan'uwa suke zaune a gidajensu, wane yana shaye-shaye, wane ba ya zaman lafiya da matarsa. Daga nan abin ya koma taron mako mako inda ake tambayar kowa halin da ransa yake ciki. Na tuna Zumuntar Mata, Mama, yadda kuke bin gida gida ran Talata. A 1743 kuma Wesley ya rubuta musu ƙa'idodi, ya tara su a kan abu uku: a guji mugunta, a yi alheri, a riƙe sujada da addu'a da Jibin Ubangiji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin muguntar da ya lissafa. Akwai buguwa da faɗa, kamar yadda na zata. Amma a jere ɗaya da su ya sa saye da sayar da kayan fasa-ƙwauri, da yawan surutu wajen ciniki, da cin bashin da mutum ya san da wuya ya biya. A mumbarin nan ne kuma ya yi wa'azi a kan cinikin bayi a 1788, a garin da attajiransa da yawa da wannan cinikin suka yi arziki. Mutumin ya bi tsarki har cikin aljihun mutane.

Da na koma ɗaki na buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa da Baba ya sa mini a jaka, wanda bangonsa ya fara sakewa. Na nemi Yakubu 1:27, ayar da muka haddace tun makarantar Lahadi. Ni rabinta na biyu kawai na riƙe duk shekarun nan, wato mutum ya tsare kansa kada duniya ta ɓata shi. Na manta da abin da aka fara da shi, kula da marayu da matan da mazansu suka mutu a cikin wahalarsu. Aya ɗaya ce, ba a raba ta ba. Ga gwauruwa Allah ya sa a hannuna, har ana biyana don in kula da ita, na bar ta da yunwa, ina alfahari wai ban shiga mashaya ba. Na durƙusa a gefen gado na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da na bar gida.

Ran Litinin na je ofis na faɗa wa shugabarmu komai, ban ambaci sunan kowa ba sai nawa. Matar nan ba ta zuwa coci, ta taɓa gaya mini ba ta gaskata da Allah ba. A ƙidayar 2021 kashi 46 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 kashi 59 ne, kuma da idona na ga majami'un da aka mayar gidajen haya. Dā ina kallon mutanen nan ina jin na fi su. Ranar ita ce take tambayata, ranta a ɓace, ko na san abin da yunwar dare ɗaya za ta iya yi wa mai shan irin magungunan tsohuwar nan. Ni mai baftisma kaina a sunkuye. An ba ni takardar gargaɗi, an sa ido a kaina na wasu watanni, amma ba a kore ni ba. Na je na roƙi tsohuwar gafara. Ban tabbata ta gane duka ba, ta dai shafa kaina.

Baba, kuna yawan karanta mana addu'ar Yesu a Yohanna 17, inda ya ce ba ya roƙo a ɗauke almajiransa daga duniya, sai dai a kiyaye su daga Mugun. Sai yanzu na ji ta a jikina. Ba zan iya gudu daga Ingila in ce na tsira ba, domin kwaɗayin da ya kayar da ni tare muka hau jirgi. Romawa 12:2 ta ce kada mu bari zamanin nan ya zuba mu a cikin tasa siffa, a sabunta hankalinmu. Siffar zamani a wurina ita ce kalmar nan ta "kowa haka yake yi". Ban ce ɗankwali banza ne ba, Mama, ina daraja shi kuma ba zan yar ba. Amma ranar da na bar tsohuwar nan, ko da lulluɓi har ƙasa nake, ƙaryar tana nan a takarda.

Ga abin da wannan ya jawo, kuma a nan nake roƙon haƙurinku. Na rage gidajen da nake ɗauka zuwa iya waɗanda zan yi wa aiki tsakani da Allah. Na kuma daina kwashe kowace Lahadi don neman ƙari. Ba zan bar aikin Lahadi gaba ɗaya ba, tsoho ba ya daina bukatar wanka don ranar sujada ce, Ubangiji ma ya warkar da matar nan da ta yi shekara 18 a tanƙware ran Asabar. Amma na yi wata huɗu ban ci Jibin Ubangiji ba, kuma ba jinƙai ne ya hana ni ba, kuɗi ne. Yanzu ina zuwa sujada Lahadi biyu a wata, kuma mu biyar muna haɗuwa ran Laraba da dare a ɗakin wata 'yar'uwa daga Jos, mu yi waƙa da Hausa, mu tambayi juna gaskiyar yadda makon ya wuce. Saboda haka abin da nake aikowa zai ragu. Rufin ɗakin da muka ce za a yi kafin damina sai ya jira. Kuɗin maganin Baba da na makarantar yara ba zan taɓa su ba.

Auta, yanzu kai. Na ji maganar mutumin da ya ce a jinginar da gonar fadama a ba shi kuɗi ya samo maka takardar aikin kula da tsofaffi, har da shaidar ƙwarewar da ba ka da ita. Ba zan sa ko sisi a ciki ba, kuma ina roƙon Baba kada ya sa hannu. Tun 22 ga Yuli 2025 gwamnatin nan ta rufe ɗauko sababbin ma'aikatan wannan aiki daga ƙasashen waje, don haka abin da yake sayar maka babu shi. Na san mutanen da suka biya irin waɗannan dillalai a baya, suka iso suka tarar babu aikin, ga bashi a gida. Amma ko da ƙofar a buɗe take, amsata ɗaya ce. Takardar ƙarya ba a shiga da ita sau ɗaya a huta, kullum sai ka ciyar da ita da wata ƙaryar, kuma wani tsoho ne zai kwanta a hannunka yana zaton ka san abin da kake yi. Na san zaman gida ba aiki yana cin rai, ƙanena, ban raina zafin da kake ji ba. Ka gama koyon aikin wutar sola da ka fara, ni zan biya sauran kuɗin, in kuma saya maka kayan aiki kaɗan kaɗan. Idan ka yi fushi da ni, kira ni ka faɗa mini da bakinka.

Baba, in kun ga ya dace ku gaya wa Fasto abin da ya faru, ban hana ba. A sa ni a addu'a da sunana, kada a ce "wata 'yar'uwa".

Na aika kuɗin Kirsimeti ta hannun Yaya, a saya wa Gwaggo atamfa a ciki, a kai wa matar marigayi mai bishara mudu goma na shinkafa. Kayan yara suna hannun wani ɗan'uwa da zai sauka Kano kafin sabuwar shekara. In zai dawo, Mama, a ba shi daddawa da kuka da ɗan yaji, a ɗaure da kyau. Tsohuwata tana cin abinci yanzu, jiya ta cinye kwanonta tas, sai da muka yi minti 25 a kai. A gaishe mini da dattawan ikkilisiya da matan zumunta duka.

Taku har kullum,
'Yarku