Mamana, ki dubi hannuna

Assalamu alaikum Mamana,

Ina gaishe ki da maigidan da ɗan takwaran Malam. Auta ce ke rubutawa ina faɗa mata, kin dai san rabona da riƙe biro. Na hana ta gyara ko kalma ɗaya, don haka duk abin da ya yi miki zafi a ciki nawa ne.

Gwaggonki ta dawo daga Jos ranar Talata. Da farko cewa ta yi lafiya lau ta baro ku, sai da na matsa mata sannan ta ce da ƙyar kike ɗaura zane da safe, yaron ma da damtse kike ɗago shi daga gado. Ta ga ƙullin leda a ƙarƙashin matashinki, haɗin kemis, farare da jajaye. Ta ce tun da kika haihu ba ki taka asibiti don kanki ba. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Na san abin da ya ruɗe ki. Da kina da ciki ciwon amosanin gaɓoɓin nan ya lafa, kika ɗauka an rabu. Haka ya yi mini a cikin Auta. Halinsa ke nan, yakan saurara wa mai ciki, in ta sauka da 'yan watanni ya dawo da ƙarfinsa. Sanyin Jos yana ƙara miki jin zafi, amma ba shi ya kawo ciwon ba, kuma ba wankan jego kika ha'inta ba, ko me surukarki za ta faɗa. Garkuwar jikinki ce ta juyo tana cin gaɓoɓinki. Shi ya sa yake kama hagu da dama tare, yatsu da wuyan hannu, ki tashi da asuba a sandare sai an fi awa guda kafin hannu ya saki. A duk mutum 10 masu irin wannan amosanin, wajen 7 mu ne mata.

Ledar nan ita ta hana ni barci. Na sha haɗin nan shekara da shekaru, na san abin da ke ciki: daikulofenak da deksa, wadda 'yan mata ke ce wa sha-ka-fashe. Kina sha za ki ji garau, ki yi daka ki yi wanki, alhali a ƙasa ciwon yana ta cin ƙashi kamar gara a azara. Fuskata ta yi tulu, mutane suna cewa na samu hutu. Daga baya ga ciwon suga, ga gyambon ciki. Kin tuna daren da Malam ya fita neman mota ƙafa ba takalmi. Har yau duk zuwa asibiti sai an duba ƙodata. Kuma kada ki karanta wannan ki watsar da ledar yau, domin mai shan deksa da daɗewa ba ya dainawa rana ɗaya, jiki zai iya faɗuwa. Ki kai wa likita ita yadda take, shi zai rage miki a hankali.

Ki dubi hannuna, Mamana. Yatsun da suka karkace suka nufi ɗan ƙaramin ba za su ƙara miƙewa ba, ko da kuɗin duniya. Da hannun nan na kasa yi miki kitson aure. Da shi na kasa zuwa wankan jikana, na tura Gwaggonki, kika yi fushi ba ki faɗa ba. Na kuma san kina riƙe da ni a rai tun kina shekara 9 da na ɗora ki kan tukunya, ƙawayenki suna gaɗa a waje. To wa zan ɗora? Babu wanda ya taɓa gaya mana ciwon yana da suna. An yi mini ƙaho, an yi sakiya, na sha saiwoyi har cikina ya gaji, sai da yatsun suka riga suka tafi sannan na ga likitan gaɓoɓi. Ni rashin sani ya ci ni. Ke fa? Kin yi karatu, kina da kati, kina da likitan da ya san ki, sannan ki koma wa yaron kemis? Wallahi in kika bari hannunki ya zama irin nawa da saninki, ba ki kyauta wa yaron nan ba, kuma zan daɗe ban huce ba.

Na fahimci tsoronki. Kina ganin za a mayar da ke kan maganin metotirezet a ce ki yaye shi, a ce kada ki ɗauki wani cikin. Gaskiya ne ba a shan sa da ciki ko da shayarwa. Amma ba shi kaɗai ba ne magani. Akwai haidirosikulorokwin, akwai salfasalazin, likitoci suna ba masu goyo. Ki buɗe baki ki gaya wa likitan kina shayarwa kuma kuna son ƙarin haihuwa. Ki tafi da maigidan ya ji da kunnensa, shi ya san yadda zai yi da mahaifiyarsa. Magungunan nan sai sun yi wata 2 ko 3 kafin ki ga aikinsu sosai, kada ki ce ba sa yi ki ajiye.

Kafin nan, ki kwana da ruwan zafi a fulas. Da asuba ki surka ki tsoma hannu kamar minti 10, kina buɗe yatsu kina dunƙulewa a hankali, da shi kuma za ki yi alwala. Gaɓar da ta kumbura ta ɗau zafi, ita tsumma mai sanyi take so. Ki bar matsar wanki, ki bar ɗaukar bokiti da yatsu, ki naɗa wa muciya da wuƙa tsumma su yi kauri. Ranar da ciwon ya tashi ki huta, ranar da ya sauka ki taka ki motsa, kwanciya kullum ƙara sandarewa take yi. In gwiwa ta ƙi, ki yi sallarki a zaune, addini ya ba ki wannan, ni na yi shekaru ina jin kunyar kujera a banza. In kuwa gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi ja, ga zazzaɓi, kada ki jira ranar kati, ki tafi a ranar.

Na yi miki faɗa da yawa, ki yi haƙuri. Auta ma ta ajiye biro tana share ido. Tana gama jarrabawa zan turo miki ita ta kama miki wanki da goyo har azumi. Na ba direba fulas ɗina babba da man shanu da kuka. Ranar da kika je asibiti ki kira ni kina fitowa, ki karanta mini abin da aka rubuta a katin.

Allah ya ba ki lafiya, ya raya mana yaron.

Mahaifiyarki