Koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan aikin Baba magini da ake shirin rufewa da tayil

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Hakimi, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. Mu ne talakawanka na wannan gari, dattawa da matasa da ƴan kasuwa da malaman firamare har da iyayenmu mata masu ginin tukwane. Mun fara kai maganar nan wajen mai unguwa ya raka mu wajen dagaci, dagaci yace abin ya fi ƙarfinsa tunda kwangila ce daga ƙaramar hukuma, shi yasa muka rubuto maka, in akwai rashin ladabi a ciki a yafe mana.

Satin da ya wuce wasu mutane suka zo da mota suna ta aune-aune a ƙofar gari da zauren dagaci da shataletalen bakin tasha. Da yara suka tambaye su sai suka ce gyara za a yi, za a kankare zanen jikin ƙofar a yi filasta a manna tayil, tulun dake shataletale kuma a cire shi a kafa ƙarfe mai fitilar sola. Ranka ya daɗe wallahi tun ranar hankalinmu bai kwanta ba, domin duk abubuwan nan guda uku aikin hannun mutum ɗaya ne, Baba magini, kuma yana nan da ransa a bayan masallaci, babu wanda ya je ya ko gaishe shi balle a tambaye shi ra'ayinsa.

Ka san shi ranka ya daɗe, amma bari mu tuna maka. A 1976 lokacin da aka buɗe makarantun UPE, wato shirin gwamnati na ilimin firamare ga kowane yaro, aka gina mana firamare, shi yana saurayi yana kwaɓa wa mahaifinsa ƙasa yana miƙa tubali. Aikin farko da aka damƙa masa shi kaɗai shine zauren dagaci, shi ya ɗaure bakan gizon nan ya jera azara, har yau in ka shiga da rana tsaka sai kaji sanyi kamar an sa fanka. Daga nan ya yi zanen fuskar masallacin Juma'a. Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a watan Agusta 1991 kowane gari yana son ya nuna kansa, dattawanmu suka yi karo-karo, wasu kuɗi wasu damin gero, suka ce ya gina mana ƙofa. Ya yi mata zankwaye biyu, ya zana dagi a tsakiya, takobi a gefe ɗaya allo a ɗaya gefen, yace sarauta da karatu kenan. Tsofaffinmu suna ba da labari cewa babu takarda babu biro, da yatsa da ƴar wuƙa yake fitar da zanen tun yaɓen yana ɗanye, in bai yi masa ba ya shafe ya sake, wani lokacin har magariba yana kan tsani.

Tulun kuwa daga baya ne, bayan ya koyi aikin siminti. Da rodi da waya ya ɗaure shi sannan ya yaɓe, kuma sai da ya je ya zauna wajen matan unguwar masu tukwane yana kallon yadda suke fitar da wuyan tulu kafin ya fara. Yanzu duk direban da ya biyo hanyar nan da shi yake kwatance, in ka zo tulu ka yi dama. Ɗan garinmu dake Legas ko Fatakwal in ya yi kewar gida hoton tulun nan yake ɗorawa a Facebook. Kuma ba mu kaɗai ba, garuruwan maƙwabta sun sha zuwa su ɗauke shi ya yi musu fuskar zaure ko ƙofar makaranta, sunan garinmu ake kira in an ga aikin.

Mun ji wasu suna cewa ai irin waɗannan abubuwa gumaka ne. Dan Allah a je a duba. A shekarun nan duka bai taɓa sassaƙa mutum ko dabba ko tsuntsu ba, dagi ne da allo da takobi da tulu da ƙwarya, liman ma a ƙarƙashin zanensa yake shiga masallaci kullum.

Ba mu ce babu lalacewa ba, akwai. Ruwan 2022 da ya yi ɓarna a jihar nan ya taɓa mu, indararon ƙofar ya karye ruwa ya dinga bin jikin bango, zanko ɗaya ya faɗi, ƙasan ginin ya zaizaye. Gyara kam ana buƙata, mu ma kunya muke ji in baƙi sun zo. Amma ranka ya daɗe duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da siminti yake yi wa ginin ƙasa, ba sa kama juna, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe tana ruɓewa a ciki kai kana ganin waje fes, damina biyu uku sai filastar ta ɓallo gaba ɗaya ta taho da bangon, to ina ga an ƙara mata nauyin tayil. Abin da ginin nan yake so shine abin da aka saba yi masa, sabon yaɓe da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da ruwansa, saman kuma a yi masa laso na katsin marina da gashin majema da dafara. Baba ya san awon kowanne a ka. Kuɗin ma ba zai kai na tayil ba, kuma a garin nan zai tsaya, mai jaki ya samu, mai ɗebo ruwa ya samu.

Abin da ya fi ci mana rai shine shekarunsa. Idonsa ya fara rauni, ba ya iya hawa tsani, yaran da ya koyar yawancinsu sun koma ginin bulo ko acaɓa saboda babu mai ba da aikin ƙasa yanzu. Saura biyu da suke zuwa wajensa. In aka yi gyaran nan yana zaune a ƙasa yana nuna musu suna yi, sana'ar ta samu magada kenan, in kuwa aka rufe da tayil to shikenan an binne ta yana kallo. Mutanen Zariya har gobe suna alfahari da Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina musu masallacin Juma'a tun ƙarni na 19, Ladi Kwali mai ginin tukwane tana bayan naira 20, a Kano ana biyan kuɗi a shiga Gidan Makama a kalli irin wannan ginin, nan Birnin Kudu ma zanen jikin dutse gwamnatin tarayya ce take kula da shi. Mu namu gwanin yana raye muna ganinsa.

Don haka muke roƙon Hakimi ya sa baki a dakatar da kankare ƙofar da cire tulun tukunna, a kira Baba magini da mai kwangila da injiniyan ƙaramar hukuma a zauna a gabanka kowa ya faɗi nasa. Fitilar sola muna so, amma akwai fili a gefen tulun, ba sai an cire shi ba. In zai yiwu a ware ɓangaren zane da yaɓe a ba shi shi da yaransa, mai kwangila ya yi magudanar ruwa da daɓen ƙasa, mu kuma matasa mun ɗauki aikin gayya na ɗebo ƙasa da kwaɓi ba sai an biya mu ba. Sannan akwai ragowar kuɗinsa na facin da ya yi wa zauren bayan ruwan 2022, an ba shi kafin alƙalami aka ce ya jira sauran, har yau shiru, shi kuma ba mutum ne mai bin ofis ba, ko mu ma a bakin iyalinsa muka ji. Dan Allah ranka ya daɗe a duba masa wannan.

Waɗanda suka iya rubutu sun sa hannu, waɗanda ba su iya ba sun dangwala, takardar tana wajen dagaci. In Hakimi ya ba mu izini ranar Juma'a bayan an sauko zamu zo fada da ita, tare da Baba in jikinsa ya yarda. Masu aunen sun ce wata mai kamawa zasu kawo kayan aiki.

Allah ya ja zamaninka.

Talakawanka, jama'ar gari.